Fuka a Ƙirjin Yaro: Kada Tsoron Inhela Ya Ja Mana Asara

Da zarar hunturu ya kama, hazo ya lulluɓe gari, akwai gidajen da barci ke ƙaurace wa. Yaro ya yi ta tari cikin dare, ƙirjinsa na fito kamar usur, uwa na rungume da shi har kiran assalatu. Sau da yawa fuka ce, wadda likitoci ke kira asma: hanyoyin iska ne ke kumbura su tsuke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 262 na fama da ita a 2019.

Abin da ya fi damuna shi ne tsoron inhela, wato maganin fuka na fesawa a baki a shaƙa. "Kar ki soma ba shi, in ya saba ba ya bari," in ji kaka, sai a koma jiƙe-jiƙe. Wannan magana ba ta da tushe. Salbutamol na inhela, mai shuɗin kwanso, kai tsaye yake shiga huhu ya buɗe hanya cikin mintoci. Na ruwa da ake ɗura wa yaro ya fi jinkiri, ya kuma fi sa rawar hannu da bugun zuciya.

Sai dai ƙaramin yaro bai iya haɗa fesawa da jan numfashi ba, shi ya sa ake jona inhelar da wata roba mai suna sifesa, jariri kuma a ƙara masa marufin hanci da baki. A girgiza, a fesa sau ɗaya, yaro ya shaƙa sau biyar ko shida, kafin fesa ta gaba. Inda babu sifesa, binciken da aka yi a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu a 1999 ya nuna gorar roba mai cin rabin lita, a huda gindinta daidai bakin inhela, tana yin aikin. Ma'aikacin lafiya ya gwada muku da hannunsa. In likita ya rubuta inhelar kariya, kullum ake shaƙa, ko yaro na ta guje-gujensa.

Ku dubi ɗakin kuma: turaren wuta, maganin sauro na kunnawa, hayaƙin itace da na janareta, sigarin maigida, duk suna tayar da fuka.

A jarirai, ba kowane fito ne fuka ba, limoniya ma na zuwa da kamarsa. In ƙasan haƙarƙari na lotsawa, leɓe ya dushe, yaro ya kasa kama nono, ko numfashin ɗan shekara ɗaya zuwa biyar ya kai 40 a minti, a fesa masa inhela ana tafe, a nufi asibiti ko da tsakar dare ne.