Tondikandiya: Malam yana zuwa, aji yana cika, amma yaron ya iya karatu?

A ƙauyukan Tondikandiya da ke gundumar Filinge a jihar Tillaberi, shekarar karatu takan fara ne a hukumance cikin watan Oktoba. A makarantu da dama kuwa, darasi ba ya kankama sai an gama girbin hatsi. Dalilai biyu ne ke jawo haka: yara suna gona suna taya iyaye, kuma karan da za a yi rumfar aji da shi yana tsaye a gonar. Sai an yanke kara, iyaye maza su taru su kafa rumfa, a jingina allo, sannan malam ya fara kiran suna.

Daga ranar ne uba yake fara auna makarantar ɗansa, kuma ma'auninsa a fili yake. Shin mushe, kamar yadda ake kiran malamin lakwal a karkarar Nijar, yana kwana a garin ko kullum yana hanyar Filinge da Yamai? Ana dukan yara fiye da kima? Akwai abincin rana? Yaron ya wuce aji na gaba? Idan amsoshin suka yi daɗi, uba ya gamsu, uwa ta yi godiya. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce wadda aka kafa makarantar dominta: bayan shekara uku ko huɗu, yaron nan yana iya karanta layi biyu ya faɗi abin da suke nufi?

Abin da ido ke gani

Tondikandiya ƙaramar hukumar karkara ce mai hedkwata a Damana, a cikin kwarin Dallol Bosso, kudu da garin Filinge wanda ke da nisan kusan kilomita 180 daga Yamai. Mafi yawan mazaunanta Zabarmawa ne, tare da Hausawa da Buzaye da Fulani, ga kuma ƙasar Kurfai a arewa inda Hausa ta fi ƙarfi. Noman hatsi da wake da kiwo su ne abin dogaro, sai cirani da ke kwashe samari da magidanta zuwa Yamai, Najeriya, Benin, Ghana da Kwaddibuwa da zarar an ɗaure damma.

A irin wannan wuri, samun makaranta mai malami ba ƙaramin abu ba ne. Jihar Tillaberi ce ta fi kowace jiha a Nijar yawan makarantun da rashin tsaro ya rufe, inda alƙaluman hukumomi da na Majalisar Ɗinkin Duniya suka nuna sama da makarantu 800 a rufe a shekarun 2022 da 2023. Uban da ke jin labarin garuruwan da malamai suka gudu, idan ya ga tuta a harabar makarantar garinsu da safe, dole ya ji ya fi wasu sa'a.

Haka batun gini. Gwamnatin Mohamed Bazoum ta sha faɗin cewa akwai azuzuwan zana da kara kimanin 36,000 a faɗin ƙasar. Gobarar watan Afrilun 2021 a wata makaranta da ke unguwar Pays-Bas a Yamai ta kashe yara kusan 20, ta watan Nuwamban shekarar a Maraɗi kuma ta kashe sama da 20, duk a cikin irin waɗannan azuzuwa. Tun daga lokacin, aji na siminti da kwano ya zama babban abin da iyaye ke nema. Garin da ya samu bulo uku da rufi, a idon mutanensa makarantarsu ta yi kyau.

Babu wanda zai ce iyaye sun yi kuskure da suke duba waɗannan abubuwa. In babu malami babu karatu, kuma rumfar kara tana rage watannin darasi ta kai da ta ƙafa: ana shiga a makare, ana fita da ruwan farko. Sai dai malami da rufi sharaɗi ne kawai na karatu. Ana iya samunsu duka, yaro ya fita hannu rabbana.

Abin da alƙaluma ke faɗi

Shirin PASEC, wanda ke auna ɗaliban firamare a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ya gwada yaran Nijar a 2014. A ƙarshen firamare, waɗanda suka kai matakin da ake buƙata a karatu ba su cika 10 cikin 100 ba, haka ma a lissafi. Da aka sake gwajin a 2019 an samu ci gaba: kusan 30 cikin 100 a karatu, sama da 20 kaɗan a lissafi. Wato ko bayan ci gaban, yara 7 cikin 10 na gama aji shida ba tare da sun kai matakin ba. Waɗannan alƙaluma na ƙasa baki ɗaya ne, har da makarantun birni da masu zaman kansu, kuma rahotannin sun nuna makarantun karkara suna bayan na birni.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Na farko shi ne harshe. Yaron Damana yana zuwa aji ɗaya, wanda ake kira CI, da Zabarmanci ko Hausa a bakinsa, sai ya tarar a yawancin makarantu allo da littafi Faransanci suke yi. Yana koyon harafi a harshen da bai taɓa jin an yi ciniki da shi a kasuwa ba. Abin da ya fi masa sauƙi shi ne hadda: malam ya faɗa, aji ya amsa da murya ɗaya. Mai wucewa ta bayan rumfa zai ji kamar karatu na tafiya. Nijar ta fara gwada makarantu masu koyarwa da harsunan gida tun 1973, dokar ilimi ta 1998 ta ba su gurbi, amma har yanzu ba su game ƙasa ba. A 2025 kundin da hukumomin soja suka ƙaddamar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Kafin wannan ya isa aji, sai an samu littattafai da malaman da aka horar, kuma a Tondikandiya yara da yawa Zabarmanci ne harshensu na gida.

Na biyu shi ne halin da malamai ke ciki. Mafi yawan malaman firamare a Nijar 'yan kwantiragi ne, masu ƙaramin albashi da yakan makara, abin da ke jawo yajin aiki kusan kowace shekara. A 2017 ma'aikatar ilimin firamare a ƙarƙashin minista Daouda Mamadou Marthé ta yi wa dubban 'yan kwantiragi jarrabawar tantancewa duk da adawar ƙungiyoyin malamai, kuma kusan ɗaya cikin uku ne kawai suka samu rabin maki. Malaman sun ce laifin na tsarin da ya ɗauke su aiki ba tare da isasshen horo ba ne.

Na uku shi ne ma'auni. An dakatar da jarrabawar kammala firamare ta CFEPD na tsawon kimanin shekara 10, aka koma amfani da makin da yaro ya tara a aji wajen tura shi kwaleji, sai a 2024 aka dawo da ita. A tsawon waɗannan shekaru, iyaye sun ga 'ya'yansu na wucewa kwaleji da yawa, suka yi murna. Da yawa daga cikin yaran sun dawo gida bayan shekara ɗaya ko biyu, saboda ba su iya bin darasi.

Allo da lakwal

Iyayen karkara ba baƙin auna karatu ba ne. A makarantar allo uba ya san inda ɗansa yake. Yana iya zaunar da shi bayan magariba ya ce ya biya, ya ji inda ya yi tuntuɓe, ya san ko ya wanke allo, ya san izu nawa ya rage a yi sauka. Idan shekara ta zagayo yaro bai motsa ba, uba ya san abin da zai ce wa malam, ko ya mayar da ɗansa wajen wani.

A lakwal wannan iko ya kuɓuce masa. Manyan da suka iya karatun boko a Nijar ba su kai 4 cikin 10 ba, a karkara kuma, musamman tsakanin mata, adadin ya fi haka ƙanƙanta. Takardar sakamako tana zuwa da Faransanci da lambobi. Ko an ce masa ɗansa ne na uku a aji, wannan bai gaya masa ko na ɗayan ma ya iya karatu ba. Saboda haka sai ya koma kan abin da idonsa ke iya gani, ya bar sauran ga malam da gwamnati.

Kwamitin makaranta: kuɗi kaɗai bai isa ba

Kowace makarantar gwamnati a Nijar tana da kwamitin gudanarwa da ya haɗa darakta da wakilan iyaye, wanda aka fi sani da COGES, daga baya aka mayar da sunansa CGDES. Akwai kuma ƙungiyar iyayen yara da ta iyaye mata. Tsarin zaɓen 'yan kwamiti ta hanyar ƙuri'ar sirri ya faro ne a jihar Tawa a 2004 da tallafin hukumar JICA ta Japan, daga nan ya yaɗu a ƙasa. Waɗannan kwamitoci su ke tara kuɗi da hatsi, su kafa rumfuna, su nema wa malami ɗaki.

Masu bincike sun gwada ko ƙarfafa kwamitocin zai ɗaga karatu. Elizabeth Beasley da Elise Huillery sun bi makarantu 1,000 a jihohin Tawa da Damagaram, inda aka bai wa kwamitocin rabinsu tallafin kuɗi. Iyaye sun ƙara shiga harkar makaranta, an yi gyare-gyare, amma sakamakon gwajin yara bai ɗaga ba, zuwan malamai aiki ma ya ɗan ragu. Iyayen suna da niyya, ba su da hanyar sanin inda ciwon yake, kuma ba su da iko a kan malamin da ba su suka ɗauke shi aiki ba.

Wani binciken da Eiji Kozuka ya yi a gundumomin Say da Torodi, a cikin jihar Tillaberi, ya ƙara haske. Makarantun da aka ba kuɗi kawai ba su ga canji a karatu ba. Waɗanda aka haɗa musu kuɗi da horo, aka koya wa kwamiti yadda zai yi wa yara gwaji mai sauƙi, ya kai sakamakon gaban taron gari, sannan a tsara abin da za a yi, su ne makin yaransu ya tashi. Garuruwan sun shirya darussan ƙari da karatun dare, sun sayi kayan aiki da suka shafi koyo kai tsaye.

Abin da ya bambanta su ƙarami ne. A taron gari ba a cewa makaranta tana tafiya lafiya. Ana cewa, cikin yaran aji uku ga adadin da suka iya haɗa lamba biyu, ga waɗanda ba su san harafi ba. Wannan magana ce da manomi ke fahimta, kamar yadda yake fahimtar damma nawa gona ta bayar bana. Gamsuwar iyaye takan ragu a ranar da suka ji haka, kuma daga ranar ne ake samun masu ba da fitila da tabarma, da tsohon ɗalibin kwaleji da zai zauna da yara bayan la'asar.

Rabon 'yan birni da 'yan cirani

'Ya'yan Tondikandiya da Kurfai da ke Yamai, Legas, Kwatano ko Kumasi suna cikin masu riƙe da makarantun garuruwansu. Kuɗin da suke aikawa ne ke sayen littafin rubutu da alli da takalmi, wani lokaci ƙungiyoyinsu su haɗa kuɗin siminti. Su ne kuma suka fi sanin amfanin karatu, domin su ke cike takarda a kan iyaka, su karanta saƙon kuɗi a waya, su ga aikin da ya wuce su saboda rashin iya rubutu.

Tambayar da akan yi a waya ita ce ko yara suna zuwa lakwal, a amsa da cewa suna zuwa, a wuce zancen farashin hatsi. Wanda ya yi karatu yana iya ƙara mataki ɗaya ba tare da kashe ko dala ba: a miƙa wa yaron waya, ya buɗe littafinsa ya karanta layi uku, sannan ya faɗi ma'anarsu da Zabarmanci ko Hausa. A ba shi lissafin kasuwa, tiya uku ta hatsi a kan kuɗi kaza, nawa ne canji. A tambayi ɗan'uwan da ke cikin kwamiti yaushe aka yi taron gari na ƙarshe, kuma ko an faɗi sakamakon yara a wurin. Darakta da malamai ma suna amfana da wannan, domin malamin da ke riƙe da aji biyu a rumfa ɗaya ya fi kowa buƙatar garin ya san nauyin da ke kansa.

Dawowar jarrabawar CFEPD ta sa kowane gari zai riƙa jin adadin yaransa da suka ci da waɗanda suka faɗi a ƙarshen shekara. Amma wannan labari yana zuwa ne bayan shekara shida, lokacin da yarinyar da ta faɗi ta kusa kai shekarun da ake fara maganar aurenta, yaron kuma ya fara tambayar kuɗin motar Yamai. Gwajin da zai yi musu amfani shi ne wanda za a yi tun suna aji biyu ko uku, a faɗa wa iyayensu sakamakon da harshen da suke ji.