Ƙarin Ɗaki a Jiddari Polo: Haɗarin da ke Bayan Soket

A unguwar Jiddari Polo da ke kusa da Barikin Giwa a Maiduguri, da wuya gida ya tsaya yadda aka fara gina shi. Iyali na ƙaruwa, 'yan uwa da rikicin Boko Haram ya raba da garuruwansu sun zo sun zauna, sai a ja ɗaki biyu a tsakar gida ko a fitar da shago ta bakin titi. Wani ginin da kuɗin ma'aikacin da ke Abuja ake yin sa, a aiko masa hoton bulo da kwano da fenti. Abin da hoto ba ya nunawa shi ne wayar da aka binne a bango.

Hanyar da aka fi bi saboda arha ita ce a buɗe soket mafi kusa a tsohon gini, a ɗauro waya daga bayansa, a jera sababbin soket huɗu ko biyar. Ranar farko komai zai yi aiki. Sai dai duk nauyin sabon sashen ya koma kan waya ɗaya da ba a auna ta don shi ba.

Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce, soket mai ƙafa uku da aka gada daga Ingila kuma amfiya 13 yake ɗauka, wato kimanin wat 3,000. Tsari biyu aka sani na jera soket. Na farko layi ne miƙaƙƙe daga akwatin rarraba wuta zuwa soket na ƙarshe: idan kaurin wayar 2.5 ne, na'urar katse wutarsa kada ta wuce amfiya 20, kimanin wat 4,600 ke nan. Na biyu zobe ne, waya ta fita daga akwatin ta zagaya ta komo, a sa mata na'ura mai amfiya 32. Ingila ce ta ɓullo da zoben bayan Yaƙin Duniya na Biyu don tsimin jan ƙarfe, kuma ƙa'idarsa ita ce reshen da aka ciro ba tare da fis ba soket ɗaya kawai zai ciyar, ko mai baki biyu.

A nan matsalar take. Idan aka rataya ɗakuna biyu a reshe ɗaya, aka kunna dutsen guga da hita da na'urar sanyaya ɗaki lokaci guda, wayar za ta yi zafi fiye da ƙarfinta, ita kuwa na'ura mai amfiya 32 ba za ta katse ba, domin a lissafinta ba a kai iyaka ba. Robar waya ta narke a cikin silin, gobara ta tashi da tsakar dare.

Yanayin Maiduguri na ƙara tsananta lamarin. Ana lissafa ƙarfin waya ne a zafin digiri 30, alhali a Afrilu da Mayu garin kan haura digiri 40, ƙarƙashin kwano kuwa ya fi haka. A digiri 40, waya mai rufin roba kan yi asarar kashi 13 cikin 100 na abin da za ta iya ɗauka. Idan kuma aka yi rashin sa'a da jabun waya, alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe, ƙarfin ya sake raguwa. Busasshen yashi ma ba ya karɓar wuta da sauƙi, don haka sandar da ake kafawa a ƙasa don wayar kariya tana buƙatar awo da na'ura.

Ga kuma tarihin garin. A Janairun 2021 mayaƙa suka tarwatsa turakun babban layin Damaturu zuwa Maiduguri, birnin ya yi watanni cikin duhu, kafin a buɗe tashar gas mai megawat 50 a Maris ɗin 2023. A tsakanin nan gidaje da dama sun koma janareta da sola. Gida ɗaya yanzu na iya samun wuta daga kamfanin YEDC da janareta da inbata, kuma in ba a sa makunnin sauya layi na ƙwarai ba, wutar janareta na iya komawa kan layin waje ta kama wanda ke gyara a kan turke. Ambaliyar Satumban 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, ta kuma koya wa mazauna birnin amfanin ɗaga soket da akwatin wuta sama da ƙasa.

Doka ba ta bar abin a sake ba. Hukumar NERC ta fitar da ƙa'idojin sa wayar lantarki a 2015, hukumar NEMSA kuma ita ke ba masu aikin takardar shaidar ƙwarewa.

Ga mai aika kuɗi daga nesa, tambayoyi kaɗan sun isa kafin a yi filasta. Shin sabon sashen na da layinsa daga akwatin rarraba wuta? Mene ne kaurin wayar, kuma amfiya nawa ce na'urar da ke tsaronta? An ware wa na'urar sanyaya ɗaki da hitar wanka layinsu? An sa na'urar da ke katse wuta da zarar miliamfiya 30 ta zurare, wadda ke ceton yaron da ya taɓa soket da jiƙaƙƙen hannu? Wa ya gwada wayar ƙasa, kuma ina takardarsa?

Hoton bututu da waya kafin a rufe bango ya fi hoton fenti daraja. Bambancin kuɗin bai kai na sake rufin ɗakin da ya ƙone ba, balle ran da ba a mayarwa. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.