Kwamfutar kumbo: wa ke gyara ta in ta yi kuskure a sama?

Duk wanda ya yi aiki a ma'adinan Somaïr a Arlit, ko a Cominak ta Akuta kafin a rufe ta a ƙarshen Maris 2021, ya san tururin uraniyom: ido ba ya ganinsa, amma yana ratsa jiki. A sararin samaniya akwai danginsa, wanda ke fitowa daga rana da taurari, kuma kwamfuta yake wa lahani.

Kwamfuta da 0 da 1 take lissafi. Ƙwayar tururi guda in ta bugi ƙwaƙwalwarta, tana iya mai da 0 ya koma 1, sai umarni ya canza. A can kuwa babu makanikin da za a kira.

Dabarar injiniyoyi ita ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Maimakon babbar kwamfuta guda mai tsada, sai a haɗa ƙanana uku, kowace ta yi lissafi iri ɗaya, sannan su gwada amsoshinsu. In ɗaya ta saɓa, a bi biyun, ita kuma a kashe ta a sake kunnawa, aiki bai tsaya ba.

Amma yawa kaɗai ba ya isa. Ranar 4 ga Yuni 1996, rokar Turai Ariane 5 ta tarwatse ƙasa da minti ɗaya da tashinta daga Kuru, a Giyana ta Faransa. Na'urori biyu ke gaya mata inda ta dosa, sai dai manhaja ɗaya suke ɗauke da ita, wadda aka gado daga Ariane 4, don haka kuskure ɗaya ya kayar da su tare. Kumbon Amurka mai zuwa ya dawo kuwa, kafin a daina amfani da shi a 2011, kwamfuta biyar gare shi: huɗu na gwada amsa, ta biyar da manhajar da wasu daban suka rubuta.

Zancen ya shafe mu. A Nuwamba 2024 Nijar ta sa hannu da kamfanin Glavkosmos na Rasha kan taurarin ɗan Adam uku. Garuruwa irin su Arlit da Iferwan, inda nisa da hamada ke wahalar da jan waya, su za su fi dogara da su. Kafin a harba, ya kamata a tambaya: in kwamfuta ɗaya ta mutu, wace ce za ta karɓi aikin, kuma injiniyoyinmu nawa aka koya wa sarrafa ta daga ƙasa?