Abin da ke jan mutum a ruwa, daga Tarkwa Bay zuwa Matsirga

Da zarar Disamba ta ƙarato, tallace-tallacen nan sukan cika wayoyin matasa a Kafanchan da Kagoro da Zonkwa: a haɗa kuɗi, a ɗauki mota zuwa Legas, a hau kwalekwale mai inji zuwa Tarkwa Bay ko Ilashe, a kwana ɗaya a masaukin bakin teku, a sha hotuna, a dawo. Masu hannu da shuni kuwa Zanzibar suke hari. Tallan na shiga gida gardama ke tashi. Uwa ta ce ba inda za a je, ruwan teku yana da masu shi, kuma baƙo suka fi so. Ɗa ya ce, "Haba Mama, ni da nake iyo a rafi tun ina firamare?"

Uwar ta yi gaskiya a abu ɗaya, ruwan nan ya fi cin baƙo. Dalilin da ta kawo ne nake da ja a kansa. Ba gardamar samuwar aljanu nake yi ba, wannan fagen malamai ne da fastoci. Abin da ke damuna shi ne, da an ce "mutanen ruwa sun ɗauke shi", an rufe bakin kowa ke nan. Ba mai sake tambaya ko akwai allon gargaɗi a wurin, ko akwai mai ceto, ko akwai igiya. Mai masauki ya huta, hukuma ta huta, a yi zaman makoki a watse, baɗi a kai wani yaron wuri ɗaya. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Disamban 2024 ya ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a shekarar 2021, wato sama da mutum 30 a kowace awa, kusan rabinsu ba su kai shekara 30 ba. Idan aka auna da yawan jama'a, yankin Afirka ne kan gaba.

To me ke jan mutum a bakin teku? A mafi yawan gaɓoɓin yashi akwai wani tudun yashi a ƙarƙashin ruwa, kwance yana bin tsawon gaɓa, ido ba ya ganinsa. Igiyar ruwa tana fashewa a kansa ta turo ruwa bakin gaɓa, wata na bin wata, har ruwan ya taru ya rasa wurin zama. Dole ya koma, kuma ba zai koma ta inda igiyoyi ke turo shi ba. Sai ya nemi inda tudun ya tsage. Duk wanda ya taɓa ganin an tafka ruwan Agusta a gidan da katanga ta zagaye ya san sauran labarin: tsakar gida ta cika, ruwan yana kwance kamar ba ya motsi, amma a bakin rariyar da ke gindin katanga gudu yake yi, yana kwashe takalmi da kwano da duk abin da aka bari a waje. Girman tsakar gidan da ƙanƙantar rariyar su ne ke ba shi ƙarfin. A teku, tsagar tudun yashin ita ce rariyar, ruwan kuwa yana fita ta cikinta a siririn ziri, ya nufi tsakiya.

Gudun zirin nan yakan kai rabin mita a daƙiƙa, wani lokaci har mita 2 da rabi. Gwanayen iyo na gasar Olamfik ma ba sa kaiwa wannan na ƙarshen. A Amurka, inda ake rubuta kowane ceto, masu aikin sun ce sama da kashi 80 cikin 100 na mutanen da suke tsamowa a gaɓoɓi masu igiya zirin nan ne ya kwashe su.

Ga inda baƙo yake shiga tarko. Zirin ba ya kama da wurin haɗari. Da yake ya fi zurfi, igiya ba ta fashewa a kansa, sai ka ga hagu da dama farin kumfa yana ta rugugi, a tsakiya kuma wani fili shiru, ruwansa ya fi duhu, wani lokaci jaja-jaja saboda yashin da yake ɗauke da shi, leda ko ganye na tafiya a kai suna nisanta da gaɓa. Ɗan masunci kallo ɗaya zai yi masa ya gane. Yaron da ya zo daga Kafanchan kuwa zai duba ya ce, "Ga wuri mai sauƙi nan, mu shiga ta nan." Da ƙafarsa zai zaɓi wurin da ya fi kowane muni. Shi ya sa ruwan ya fi cin baƙo. Kuma ko a Tarkwa Bay da duwatsun tashar jiragen ruwa suka kare ta daga manyan igiyoyi, gefen irin waɗannan duwatsun na daga wuraren da zirin ke yawan kafuwa, balle Lighthouse Beach da ke maƙwabtaka da ita, wadda ke fuskantar Atlantika ba shamaki.

Abin da mutane da yawa ba su yarda da shi ba shi ne, zirin ba ya jan mutum ƙasa. Nesa yake kai shi. Ruwan gishiri ma ya fi na rafi nauyi da kusan kashi 2 da rabi cikin 100, don haka ya fi ɗaga jiki. Gajiya da firgita ne ke kisa. Mutum ya ga gaɓa na nisa, sai ya juya ya tunkare ta da duk ƙarfinsa, kuma mai iyon rafi ya fi kowa yin wannan, domin ya saba da cewa ƙarfin damtse ne ke fid da shi. Cikin 'yan mintoci hannuwa su mutu, ya fara shan ruwa. Iya ruwa fid da kai, in ji Hausawa, fid da kai a nan kuwa shi ne ka daina kokawa: ka kwanta rigingine, ka numfasa, ka ɗaga hannu ɗaya a gan ka. Idan kana da sauran ƙarfi, ka yi iyo gefe, hagu ko dama, kana bin tsawon gaɓa. Zirin ba shi da faɗi, kuma ƙarfinsa yana mutuwa da ya wuce inda igiyoyi ke fashewa. Kana fita daga cikinsa, igiyoyin da kake tsoro su za su turo ka gida.

Kwanan da ake yi a masaukin bakin tekun yana da nasa ƙarin. Teku tana cika tana janyewa kusan kowace awa 12 da minti 25, saboda jan wata da rana, kuma abin ya fi tsanani a tsayuwar wata da daren sha huɗu. A Legas bambancin bai wuce kimanin mita 1 ba. A gabashin Zanzibar, wajen Paje da Jambiani, yakan haura mita 3, ruwa ya janye ɗaruruwan mitoci ya bar fili fetal. Wanda ya taka can ciki da yamma yana ɗaukar hoto bai san cewa ruwan idan zai dawo kwarurrukan da ke bayansa yake fara cikawa ba. Da dare kuma ba launin ruwa da za ka karanta, mai ceto in ma akwai ya tashi, hannun da ka ɗaga ba mai gani. A haɗa da giya ko ƙwaya, waɗanda ke rage wa jiki daidaito su ƙara wa zuciya ƙarfin hali. Iyon dare a teku ba abin yi ba ne ko ga gwani. Haka shiga kwalekwale bayan magariba ko ba rigar kariya. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta hana tafiyar dare a ruwa, kuma ba mu manta da Patigi ta Jihar Kwara ba, inda sama da mutum 100 suka rasu a Yunin 2023 suna dawowa daga biki cikin dare.

Kada wanda ba shi da kuɗin Legas ya ce wannan ba tasa ba ce. Muna da Matsirga a nan kusa da Madakiya, ruwan da ke gangarowa daga duwatsun Kagoro ya faɗo daga tsayin kimanin mita 25 zuwa 30. Ruwan da ya faɗo daga wannan tsayin yana isa ƙasa da gudun da ya kusa kilomita 80 a awa. Shekara da shekaru yana haƙar gindinsa, shi ya sa gurbin ke da zurfi fiye da yadda ido ke zato. Farin kumfan da ke burge masu hoto ruwa ne gauraye da iska, bai da nauyin da zai ɗaga jiki, mutum ya buga hannu ya ji ba abin da ya tura. Ruwan kuma yana nutsawa ƙasa, ya taso gaba kaɗan, wani sashensa ya juyo baya ta sama zuwa inda yake zubowa. Wanda ya faɗa wannan juyin za a ga ya ɓace, ya ɓullo, ya sake ɓacewa a wuri ɗaya. Na kan tudu sai su rantse wani abu ne ya riƙe masa ƙafa.

Da damina akwai wani haɗarin. Ana iya yin ruwa mai ƙarfi a kan duwatsu alhali a ƙasa rana ce tarwai. Idan ruwan ya fara sauya launi zuwa ja, ko ka ga kara da ganye na gangarowa, ko rugugin ya ƙaru, a bar kwano da waya a hau tudu. Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, balle a kan dutse mai gansakuka.

Sai maganar ceto, inda muke yawan rasa mutum biyu a maimakon ɗaya. Mai nutsewa ba ya ihu kamar a fim. Bakinsa na shiga ruwa yana fita, numfashi yake nema, ba shi da na kira. Yana tsaye cikin ruwa, kai a baya, hannuwa na danna ruwa a gefe, kuma cikin daƙiƙa 20 zuwa 60 ya tafi, abokai na dab da shi suna tsammanin wasa yake. Wanda ya yi tsalle ya rungume shi kuwa, shi zai danne. A miƙa masa gora ko zani, a jefa masa igiya. Jarkar nan mai lita 25 da ke kowane gida, idan babu komai a ciki kuma murfinta a ɗaure, ta isa ta riƙe kan babban mutum a saman ruwa.

In an fito da shi ba ya numfashi, a daina ɗaga shi ƙafa sama ko danna masa ciki wai don ruwa ya fita. Amai kawai ake jawowa ya toshe maƙogwaro, lokaci na tafiya, ƙwaƙwalwa kuwa tana fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 ba iska. A kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a hura masa iska ta baki, sannan a riƙa danna tsakiyar ƙirji sau 30 ana hura iska sau 2, ba tsayawa. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti, domin huhun da ya sha ruwa yana iya rikicewa bayan awoyi.

Kowace gwamnati ta zo sai ta yi maganar bunƙasa yawon buɗe ido a Kudancin Kaduna, a lissafo Matsirga da duwatsun Kagoro da Nok da bikin Afan na 1 ga Janairu. Ina son wannan buri, amma ina ganin an fara daga sama. Duk wurin da ake gayyatar baƙi bakin ruwa, ko na gwamnati ne ko na ɗan kasuwa, ya kamata a tarar da allo da Hausa da Turanci da harshen garin, da igiya mai nuna iyakar inda ake shiga, da mutum a tsaye yana kallon ruwa. Makarantar da za ta kwashi ɗalibai yawon gani da ido ta tambayi wannan kafin ta tambayi kuɗin mota. Mutanen ma ba sai an nemo su daga nesa ba. A kowane ƙauyen bakin ruwa akwai samarin da ake kira idan za a lalubo gawa, sun san kowane rami da kowane dutse na gurbin. Ƙaramar hukuma ta ɗauki huɗu ko biyar daga cikinsu, ƙungiyar Red Cross ta koya musu taimakon gaggawa, a ba su igiya da usur da albashi, su riƙa tsayawa tun safe a ranakun da jama'a ke zuwa.