Inshorar Rashin Aiki: Asalinta da Yadda Take Gudana

Ma'aikacin da ya dogara ga albashi ya bambanta da manomi ta wata fuska muhimmiya. Manomi yana da rumbu. In damina ta yi albarka yakan ajiye abin da zai kai shi baɗi. Shi kuwa ma'aikacin masana'anta ba shi da wani rumbu sai ranar biya, kuma duk ranar da aka rufe masana'antar, tukunyar gidansa ta kama hanyar yin sanyi ke nan, ko da bai yi laifin kome ba. Wannan matsala ce ta sa waɗansu ƙasashe suka ƙago inshorar rashin aiki, watau asusun da doka ta wajabta a riƙa zuba wa kuɗi lokacin da mutum yake aiki, domin a riƙa ba shi wani abu in aikin ya kuɓuce masa.

Ana iya kwatanta abin da adashi, amma kwatancin bai cika ba. A adashi kowa ya san ranar kwasarsa. A nan kuwa mutum yana iya yin zubi shekara talatin bai ɗauki ko anini ba, kuma shi ne ya fi kowa sa'a, tun da bai taɓa rasa aiki ba.

Ingila ce ta fara wajabta irin wannan inshora a kan ma'aikatan ƙasa, cikin dokar da majalisarta ta zartar a 1911, wadda Winston Churchill da William Beveridge suka yi ɗawainiyar tsara wannan sashe nata. Da farko ba ta haɗa da kowa ba, sai masu sana'o'in da aikinsu ke zuwa yana ɗaukewa, kamar magina da masu ƙera jiragen ruwa da ma'aikatan ƙarfe, mutum miliyan biyu da 'yan kai. Kowane mako ma'aikaci zai zuba kwabo biyu da rabi, mai kamfani ya zuba kwabo biyu da rabi, gwamnati kuma ta ƙara nata kason. Wanda ya rasa aiki ana ba shi sule 7 a mako, har tsawon mako 15 a cikin shekara. Sule bakwai bai isa ya riƙe gida ba, kuma da gangan aka yi haka: nufin shi ne a tare yunwa, ba a maye gurbin albashi ba.

Sharuɗɗan da aka gindaya su ne ƙashin bayan tsarin, kuma har yanzu kusan duk ƙasashen da suka kwaikwaya suna bin irinsu. Dole ne mutum ya yi zubi na wani lokaci kafin ya cancanta. Wanda ya ajiye aiki don raɗin kansa ba tare da hujja ba, ko aka kore shi saboda rashin ɗa'a, sai ya yi jiran mako shida. Haka kuma dole ne ya kai kansa ofishin leba, irin waɗanda aka fara buɗewa a 1910, ya nuna cewa lafiyarsa ƙalau kuma a shirye yake ya karɓi aikin da ya dace da shi. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne amsar da aka ba masu cewa biyan marar aiki koya masa lalaci ne.

A 1920 aka faɗaɗa dokar ta haɗa da mafi yawan ma'aikata, sai ga shi ciniki ya faɗi. A nan ne rauninta ya bayyana. An yi lissafin asusun ne bisa zaton cewa rashin aiki abu ne na 'yan makonni, amma sai mutane suka shekara suna zaune. Masu kwasa suka yi yawa, masu zubi suka ragu, asusu ya shiga cin bashi daga baitulmali. A watan Agusta na 1931, shawarar rage kuɗin da kashi 10 cikin 100 ta raba kan ministocin Ramsay MacDonald, gwamnatin jam'iyyar Leba ta rushe. Inshora tana iya ɗaukar nauyin gobarar gida ɗaya, amma in gari duka ya kama da wuta, sai gwamnati ta sa hannu cikin aljihunta.

Amurka ta bi sahu a 1935, zamanin Shugaba Roosevelt, amma da nata salo. Kowace jiha ce ke tsara adadin kuɗin da sharuɗɗansa, kuma a yawancin jihohi masu kamfanoni kaɗai ke biyan harajin asusun. Biyan yakan kai mako 26. Da annobar korona ta rufe wuraren aiki a 2020, gwamnatin tarayya ta ƙara wa kowane mai karɓa dala 600 a mako na 'yan watanni. Ba tausayi kaɗai ya sa aka yi haka ba. Marar aiki da aka ba kuɗi kashe su zai yi nan take a kan abinci da haya, ta haka mai kanti da mai gida su ma ba za su durƙushe ba.

Tsarin yana bukatar albashi rubutacce wanda za a iya cirar zubi daga cikinsa, shi ya sa yake da wuyar kafuwa inda galibin jama'a manoma ne da 'yan kasuwa. Afirka ta Kudu tana da irin wannan asusu, inda ma'aikaci ke zuba kashi 1 cikin 100 na albashinsa, mai kamfani ma kashi 1. A Nijeriya kuwa, abin da ya yi kusa da shi shi ne tanadin dokar fansho ta 2014: wanda ya rasa aiki ya yi wata huɗu bai sami wani ba yana iya cirar har kashi 25 cikin 100 na ajiyarsa ta fansho. Sai dai wannan ba inshora ba ce, domin babu wanda ya taya shi ɗaukar asarar. Guzurin tsufansa ne yake ci tun da sauran ƙarfinsa.