Kafin ka haƙa harsashi, ka san ƙasar da ke ƙarƙashin filinka

Manomi ya san ƙasar da gero ke so da wadda shinkafa ke so. Amma idan aka zo gina gida, ko siton ƙungiya, sai ka ga an duba saman fili kawai, an kira birkila. Damina biyu, bango ya tsage.

Kowace ƙasa da tarihinta. Kimanin shekara 20,000 da suka wuce, ƙanƙara ta lulluɓe Kanada da arewacin Turai. Da ta narke, ta bar laka da tsakuwa da manyan duwatsu a cakuɗe, shi ya sa magina a can ke shan wahalar haƙa. Ƙanƙarar ba ta iso nan ba, amma a wancan zamanin ruwan sama ya ja baya a wajenmu, hamada ta matso kudu, iska ta tara tuddan rairayi. Su ne jigawar da kake gani a Jigawa da Yobe da yankin Damagaram. Daga baya Tafkin Chadi ya cika ya batse har gaɓarsa ta kai Bama, da ya janye ya bar baƙar laka, wato firki, a wajen Dikwa da Ngala.

Jigawa ba ta riƙe ruwa, kuma tana ɗaukar gini lafiya idan an faɗaɗa harsashi an daddale shi. Matsalarta zaizaya, musamman inda ruwan indararo ke zuba. Marmara kuwa ko ba a faɗa ba, ta fi kowacce.

Baƙar laka ce abin tsoro. Tana kumbura da damina, ta tsuke da rani har ta dare, gini yana hawa yana sauka tare da ita. Masakwa na jin daɗinta, bulo ba ya so. Idan filinka irinta ne, kada ka yi ta ƙara siminti kana zaton shi ne magani. Ko dai a zurfafa harsashi har a wuce inda ƙasar ke motsi, ko a kwashe lakar a cike da marmara, kuma wannan aikin injiniya ne. Mafi sauƙi, ka matsa kan tudu ka bar wa shuka wurin.

Gwajin bai da tsada. Ka haƙa rami mai zurfin mita ɗaya da rabi a watan Agusta, ka bar shi ya kwana. In ka tarar da ruwa ya tsattsafo, hatsin da za ka ajiye a nan zai yi fumfuna. Ka ɗebo ƙasar ƙasan ramin, ka jiƙa ta, ka murza a tafin hannu: idan ta yi dogon siriri kamar igiya ba ta karye ba, laka ta yi yawa. Ka kuma tambayi dattawan unguwa inda ruwa ke kwanciya a shekarar ambaliya.

Masai kuma ya kasance ta gangare, nesa da rijiya da aƙalla mita 30, a jigawa ma ka ƙara, don ƙazanta na saurin ratsa rairayi.