Kafin ki dangwala yatsa: hotonmu da haƙƙinmu

Ƴan uwa mata, da wuya a samu ƙungiyar asusu a Tasawa ko Mayahi da ba ta san irin wannan rana ba. Mota ta tsaya a bakin gari, baƙi su sauko, a shimfiɗa tabarmi a gindin dogon yaro, a ce mu fito da asusu mu yi zubi yadda muka saba. Ɗaya cikin baƙin yana ta ɗaukar hoto. Wani lokaci a miƙo takarda da faransanci a ce a dangwala yatsa, wani lokaci ko takardar ma babu. Mu kuwa kunya da karamci ba sa barin mu yi tambaya. Mota ta tashi, hoto ya tafi, ba mu san inda ya nufa ba.

Dalilin yawan baƙin nan ba ɓoyayye ba ne. A nan jahar Maraɗi aka fara tsarin Mata Masu Dubara a shekarar 1991, tare da ƙungiyar CARE. Daga nan dubarar zubin mako-mako da rance tsakanin mata ta bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka har da Asiya. Duk mai son nuna wa duniya yadda asusu ke aiki, fuskar matar Nijar yake nema. Abin alfahari ne. Amma tunda fuskokinmu ne ke yawo, ya kamata mu san ƙa'idar tafiyarsu.

Hoto na kawo alheri, yana kuma barin tabo

Manyanmu ba su manta da 2005 ba. Bayan ƙarancin ruwa da farin dango na 2004, hatsi ya yi tsadar da ba a saba gani ba, cibiyoyin kula da yara masu tamowa na Maraɗi suka cika. Hotunan da ƴan jarida suka ɗauka a nan, aka nuna a telbijin na ƙasashen Turai, suna cikin abin da ya sa taimako ya taso. Wannan gaskiya ce, ba ma musunta. Sai dai yaran da aka ɗauka tsirara a cinyar iyayensu yau sun haura shekara 20, wasu da aurensu da ƴaƴansu, kuma irin waɗannan hotuna suna nan a intanet. Yunwa ta wuce, hoto bai wuce ba.

Haka ta faru da wata yarinya ƴar Afganistan mai suna Sharbat Gula. Wani mai hoto ɗan Amurka, Steve McCurry, ya ɗauke ta a sansanin ƴan gudun hijira a Pakistan a 1984. A watan Yuni na 1985 hoton ya fito a bangon mujallar National Geographic, ya zama ɗaya daga cikin hotunan da aka fi sani a duniya. Ko sunanta ba a rubuta ba. Sai a 2002 aka nemo ta, tana matar aure da ƴaƴa, sannan ta ga hoton da duniya ta yi shekara 17 tana kallo.

Su kansu masu ɗaukar hoton sun fara bincikar kansu. A 2017 ƙungiyar Save the Children ta fitar da sakamakon wani bincike da ta yi a ƙasashe huɗu, Nijar da Jodan da Bangaladash da Birtaniya, inda aka saurari mutum 202, cikinsu har da waɗanda aka taɓa ɗauka hoto. Abin da ya fito fili shi ne, mutane da yawa sun yarda an ɗauke su ba tare da sun fahimci inda hoton zai je ba, wasu kuma sun yarda ne da fatan samun taimako. Sun nuna suna son a dawo masu da hoton su gani, kuma a bar su su faɗi labarinsu da kansu. Hausawa dai sun riga sun faɗa: waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Haƙƙi biyu ne a cikin hoto ɗaya

Na farko haƙƙin mai ɗauka. Hoto aikin hannu ne kamar waƙa ko littafi, wanda ya ɗauka shi ke da ikon sayar da shi ko hana a kwafa. A Yamai akwai ofishin BNDA mai kula da haƙƙin mawaƙa da marubuta da sauran masu fasaha. Na biyu haƙƙin wadda aka ɗauka. Na'urar tasa ce, amma fuskar taki ce, da sunanki da mutuncin gidanku. Shi ya sa kamfanonin da ke cinikin hotuna a duniya ba sa karɓar hoton mutum don talla sai an haɗo da takardar amincewarsa. Kun ga ke nan takardar nan da ake miƙo mana a gaggauce tana da daraja. Da ba ta da amfani, da ba su ɗauko ta tun daga Yamai ba.

Takardar amincewa alkawari ce tsakaninki da mai hoto. A cikinta ake rubuta wanda zai yi amfani da hoton, da inda za a sa shi, da tsawon lokaci. Wata takardar ta tsaya ga rahoton aiki kawai. Wata kuwa tana ba da izini a sa hoton a ko'ina, har abada, har a miƙa shi ga wasu, ba tare da an sake waiwayarki ba. A ido duk fara ce da baƙin rubutu. Sai an karanta ake gane bambanci.

Dokar ƙasa ma tana bayanmu. Tun ranar 3 ga Mayu 2017 Nijar ta yi dokar kare bayanan mutane, aka sabunta ta a watan Disamba na 2022, kuma akwai hukumar HAPDP a Yamai da ke sa ido a kanta. Hoton da za a iya gane ki a ciki yana cikin waɗannan bayanai. Asalin ƙa'idar ita ce a nemi yardar mutum, a gaya masa abin da za a yi da bayanansa, kuma yana da damar ya ƙi ko ya nemi a goge.

Abin da za mu tambaya

In baƙo ya ɗaga na'ura, ba rashin kunya ba ne shugaba ta ce, “Malam, dakata tukuna mu ji.” Sai a tambaye shi da ladabi: wane ne kai, wa ya aiko ka? Ina za a sa hoton nan, cikin rahoto, ko a allon bakin hanya, ko a Facebook? Za a nemi kuɗi da shi ko a sayar? Za a rubuta sunana da na garinmu? Har yaushe za a yi amfani da shi? In na sake shawara, wa zan kira, a wace lamba?

Takarda kuwa, a karanta ta da Hausa a gaban kowa, kuma wanda zai karanta ya zama namu: sakatariyar ƙungiya, ko malamin lakwal, ko ɗiyarmu da ta yi boko. A bar mana kofi ɗaya mu ajiye cikin asusu tare da littafin zubi. Yardar maigari ko ta shugaba ba ta ɗauke yardar kowace mace ba. Wadda ba ta so, ta koma gefe, ba gori ba zargi. A kuma faɗa a fili cewa ƙin hoto ba zai hana ta rance ko horo ko wani tallafi ba. Duk wanda ya haɗa buhun hatsi da hoto ya ce sai an yi wannan za a samu wancan, ba yarda ya nema ba, tilas ya yi.

Yara sun fi buƙatar kariya. Uwa ko uba ne ke ba da izini, amma yaron da ya yi wayo shi ma a tambaye shi. Kada mu bari a ɗauki yaro ba tufa, ko yana kwance a likita, ko a haɗa hotonsa da cikakken sunansa da unguwarsu.

Game da kuɗi, yawancin ƙungiyoyin agaji ba sa biyan kuɗin hoto, kuma gara su faɗa tun farko. Amma in ɗan kasuwa ne zai sa fuskarki a kan kwalin sabulu ko kwalbar man gyaɗa, wannan ciniki ne, a yi shi kamar ciniki, a faɗi jaka nawa, a rubuta. Haka mai hoton biki: kuɗin da aka biya shi na ɗauka ne, bai ba shi damar liƙa hoton amarya a ƙofar shagonsa ba sai ta yarda. Masu lalle da kitso da ɗinki a cikinmu su ma su nemi izinin mai hannun ko mai kan kafin su nuna aikinsu a waya.

Salular da ke hannunmu

To, ba baƙi kaɗai ba ne. Yau daga Urafan zuwa Kanambakashe, daga Korgom zuwa Isawan, da wuya a yi taro ba a ga salula mai hoto ba. Ranar rabo a baje kuɗi a tabarma, wata ta ɗauka ta tura a WhatsApp don murna. Kafin la'asar ƙauyuka uku sun san nawa ke cikin asusu da gidan da yake kwana. Mun sa kwado uku a akwati, mun buɗe shi da waya ɗaya. Ga kuma matar da ba ta son dangin miji su san abin da ta tara, yanzu kowa ya gani.

Mafi muni shi ne yaɗa hoton wadda ta kasa biyan rance don a kunyata ta. Bashi ana biyansa, amma mutuncin da ya zube ba ya kwasuwa. Kuma akwai hukunci: dokar laifuffukan intanet ta 2019 ta hana ɓata suna da zagi ta waya, a watan Yuni na 2024 kuma aka maido da hukuncin ɗauri a kansu. Maganar bashi a bar ta inda dokokinmu suka ajiye ta, a zaman ƙungiya.

Kowace ƙungiya tana da dokokinta da muka tsara da bakinmu: tarar makara, ranar zubi, ruwan rance. A zama mai zuwa mu ƙara guda uku. Ba a ɗaukar hoto sai an tambayi kowa. Ba a ɗaukar kuɗi ko littafin zubi. Ba a dangwala yatsa sai an karanta da Hausa an bar mana kofi. Sakatariya ta rubuta, a zaɓi mace ɗaya mai baki da za ta riƙa tarbar masu hoto da waɗannan sharuɗɗa. Baƙon kirki zai ji daɗin haka, don shi ma ya samu hoton da ba za a zarge shi a kai ba. Wanda ya ji haushi kuwa, a ba shi ruwa ya sha, a raka shi mota.

Allah ya ƙara wa asusunmu albarka, ya rufa mana asiri.